Mitarka Ta Nuna Kashi 63, Amma Kashi 63 Na Me?

Idan kana bin bidiyoyin haɗa na'urori a YouTube, ko ka taɓa leƙa ayyukan ɗaliban kwalejojin fasaha, ka san wannan dabarar: a ɗauko mitar auna bolt da aka haɗa a gida, a jona mata sensa, a ɗan taɓa lissafinta, sai ta koma nuna zafi ko danshin ƙasa. Dabara ce mai kyau, ga arha. Amma kafin ka miƙa ta ga mai noman rani a Gozaki, bari mu duba inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗi.

A wajen auna zafi, aikin yana tafiya daidai. Sensar LM35 tana fitar da milibolt 10 a kan kowane digiri ɗaya. Zafi ya kai digiri 35, ta ba da milibolt 350. Mitar da aka gina da ICL7107, aka saita ta karanta har bolt 2, za ta nuna 350. Kunna ɗigo kafin lambar ƙarshe, ga 35.0 nan. Babu ƙarya a ciki, domin bolt da zafi suna hawa tare, taki ɗaya.

Masu amfani da Arduino Uno kuwa sai sun yi hattara. Shi yana kasa bolt 5 gida 1,024, kowane gida kusan milibolt 4.9, wato rabin digiri ke nan. To, idan allo ya nuna maka 35.27, lambobin ƙarshen nan ado ne kawai. Sannan da wutar da ke ciyar da shi yake gwada komai: ta sauka zuwa bolt 4.7, digiri 35 ya koma 37, alhali yanayi bai sauya ba.

Babbar matsalar tana wajen danshin ƙasa. Abin da yawancin bidiyoyin ke koyarwa shi ne: ɗaga sensa a iska ka kira shi sifiri, tsoma ta a kofin ruwa ka kira shi 100, sauran ka raba daidai. Gona dai ba iska ba ce, ba kuma kofin ruwa ba. Jigawa mai rairayi idan ruwan cikinta ya kai kusan kashi 20 cikin 100, ta ƙoshi. Laka ta fadama kuwa, da wannan adadin shuka na iya fara yaushi, saboda laka tana riƙe ruwa gam, saiwa ba ta iya zuƙo shi. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. Idan kuma sensar mai ƙafa biyu ce ta ƙarfe, gishirin takin zamani yana sa ta ga ƙasa ta fi jiƙa, ƙafafun kuma suna cinyewa a hankali.

Wa ke biyan kuɗin wannan kuskure? Manomin da ya yarda da allo. Ko dai ya ƙona fetur yana ban-ruwan da ba a buƙata, ko ya bar tumatir da ƙishi lokacin fure.

Gyaran ba wuya. Ɗebo ƙasa daga gonar da za a yi aikin, ka rubuta bolt ɗin da sensa ta ba ka a wurin. Auna nauyinta a sikeli, ka busar da ita a obin kan digiri 105 na awa 24, ka sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan. Maimaita haka sau biyar ko shida, daga busasshiya zuwa jiƙaƙƙiya, sannan ka gina lissafin mitar a kan waɗannan lambobi. Ka sauya gona, ka sake gwaji.

Idan ba ka da halin yin haka, bar mitar ta nuna bolt ɗinta. Manomi ya riƙe lambar da ta nuna washegarin ban-ruwa da wadda ta nuna ranar da ganye ya fara yaushi. Waɗannan biyun sun fi masa amfani da kashi 63 da ba wanda ya san asalinsa.