Sanin Ubangiji da zaɓin ɗan'adam cikin waƙar Paradise Lost ta John Milton

Gabatarwa

Cikin babi na 2 na Paradise Lost, bayan shaiɗanu sun tashi daga taron shawararsu cikin wuta, John Milton (1608-1674) ya nuna mana wasu daga cikinsu sun ware kansu bisa wani tudu, suna gardama kan ƙaddara da sanin gaibu da zaɓi. Sun yi ta kewayawa, ba su sami mafita ba. Abin lura shi ne, wannan gardama da marubucin ya sanya a bakin la'anannu ita ce jigon waƙar tasa, tun da a baitocin farko ya ɗauki alkawarin wanke hukuncin Ubangiji a idon mutane. Tambayar tsohuwa ce: in Allah ya san tun azal Adamu zai saɓa, ta ina saɓon ya zama zaɓin Adamu? In kuwa ya sani kuma ya halicce shi duk da haka, ina ƙaunar take?

Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, Milton ya ba da amsa iri biyu. Ta farko hujja ce ta manɗiƙi da ya sanya a bakin Ubangiji cikin babi na 3. Ta biyu tana cikin zubi da tsarin labarin, musamman daga babi na 9 zuwa na 11. A ganinmu ta biyun ce ke ɗauke da nauyin waƙar, kuma manazarta da yawa sun yanke wa Milton hukunci ne bisa ta farkon kaɗai.

1. Marubucin da zamaninsa

Waƙar ta fito a Landan cikin shekara ta 1667 da babi 10, aka sake fitar da ita cikin 1674 da babi 12, tsarin da ake karantawa tun daga nan. Layukanta sun haura 10,000, cikin Ingilishi, ba tare da amsa-amo ba. Masu karatu da Faransanci sun fi saninta ta hanyar fassarar Chateaubriand ta 1836, mai suna Le Paradis perdu.

Wanda ya tsara ta mutum ne da ya ɗanɗani faɗuwa. Ya goyi bayan kashe sarki Charles na 1 cikin 1649, ya yi wa gwamnatin jamhuriya aikin sakataren harsunan waje, ya makance cikin 1652. Da sarauta ta dawo Ingila cikin 1660, an ƙone wasu littattafansa, an kuma tsare shi na ɗan lokaci. Mutumin da ya yi imani cewa Allah na tare da tafiyarsu, ya wayi gari tafiyar ta rushe. Saboda haka tambayar ko laifin faɗuwa na wane ne, a wurinsa ba ta aji ba ce.

Akwai kuma rigimar aƙida. Mabiya Calvin sun tafi a kan cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin halitta. Arminius (1560-1609) ya ce an miƙa alherin Allah ga kowa, mutum kuwa yana iya ƙin karɓa. Taron malaman coci da aka yi a Dordrecht ta ƙasar Holan cikin 1618-1619 ya yi watsi da ra'ayin Arminius. Milton ya karkata wajen wanda aka kayar, kamar yadda ya bayyana cikin littafin aƙida na Latin da ake jingina masa, wanda aka gano cikin 1823, aka buga cikin 1825. Wanda ya yi karatun tauhidi zai ga kamar ya san wurin: Jabariyya a gefe guda, Mu'utazila a ɗaya gefen, Ash'ariyya kuma suna neman tsakiya da mas'alar kasabu. Mun kawo wannan ne don kusantar da fahimta kawai, domin kowace gardama tana da nassoshinta da tarihinta.

2. Hujjar babi na 3

A wannan babi, Ubangiji ya hango Shaiɗan ya nufo duniya, ya faɗi abin da zai faru tun bai faru ba, sa'an nan ya kare kansa. Ga taƙaicen hujjar: an ba mutum isasshen ƙarfin da zai tsaya, an kuma bar masa damar faɗuwa, biyayyar da aka yi bisa tilas ba ta da daraja, don ba ta nuna ƙauna, sanin abu kafin ya auku ba shi ne ke jawo shi ba, da ba a san shi ba ma da ya auku.

Ba Milton ne ya ƙago wannan hujja ba. Ogustin ya yi ta cikin littafinsa na ƴancin zaɓi. Boethius kuma ya gyara ta wajen shekara ta 524, yana tsare a kurkuku yana jiran kisa bisa umurnin sarki Theodoric. A wurin Boethius, Allah ba ya cikin zamani, ba shi da jiya ba shi da gobe, komi a gabansa yake a lokaci guda. Ke nan abin da muke kira sanin gaba, a wurinsa gani ne. Mu ɗauki misali daga filin kokowa: ɗan kallo da ya ga ƙato ya sha ƙasa yana da tabbacin an kayar da shi, amma ba idon ɗan kallo ne ya kayar da shi ba. Tabbacin yana wajen mai gani, dalilin faɗuwar yana wajen ƴan kokowa.

Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da rauni biyu cikin waƙar. Na farko ya shafi salo. Labari ba ya tafiya sai cikin zamani, kalma bayan kalma. Da zarar Milton ya sa Ubangiji ya buɗe baki yana cewa abu kaza zai faru, ya fitar da shi daga dawwamar Boethius ya shigo da shi cikin jiya da gobe. Mai karatu yana jin muryar wani mai iko da ke wanke kansa daga laifin da ba a riga an aikata ba, har yana kiran mutum butulu tun mutumin bai taɓa ɗan itacen ba. Daga nan William Empson ya kafa sukarsa cikin Milton's God (1961), inda ya ɗauki Ubangijin waƙar a matsayin azzalumi. C. S. Lewis ya riga ya kare Milton cikin 1942, amma shi ma bai ɓoye cewa sanya Ubangiji ya yi magana kamar ɗan'adam kasada ce ba.

Rauni na biyu ya fi zurfi. Ɗan kallo bai gina filin kokowa ba, bai halicci ƴan kokowar ba. Ubangiji kuwa shi ya dasa itacen, shi ya halicci Adamu da Hauwa'u da halayensu, shi ya bar Shaiɗan ya fito daga wuta. Hujjar Boethius ta raba sani da tilas, amma ba ta amsa dalilin da ya sa wanda ya sani ya ci gaba da halitta ba. Adamu da kansa ya ɗaga wannan ƙorafi cikin babi na 10, inda yake tambaya ko shi ne ya roƙa a ƙera shi daga yumɓu. Milton bai kauce wa tambayar ba ke nan, ya san tana nan.

3. Amsar da ke cikin tsarin labari

Tun daga layin farko mai karatu ya san ƙarshen labarin. An ɗora shi a kan matsayin mai sanin gaba. Duk da haka, in ya kai babi na 9, yana ganin kowane mataki a matsayin abin da zai iya kasancewa dabam. Hauwa'u ta kawo shawarar su raba aikin lambu domin ya fi sauri. Adamu ya ƙi, ya tuna mata da gargaɗin da mala'ika Rafayilu ya kawo masu cikin babi na 5 zuwa na 8. Ta ji kamar an raina amincinta. Ya yi ta lallashi, daga baya ya bar ta ta tafi, bisa dalilin cewa zaman da aka yi kan tilas bai fi rabuwa ba. Babu inda hannun ƙaddara ya tura wani. Gardama ce ta miji da mata wadda kowa ya san irinta, kowane ɗayansu yana da ƴar gaskiyarsa. Da Hauwa'u ta ci, Adamu ya ci da saninsa, ba a yaudare shi ba, ya zaɓi ya halaka tare da ita a kan ya rayu ba ita.

A nan ne waƙar ta yi abin da hujja ba ta iya yi. Mai karatu ya ɗanɗana da kansa cewa ana iya sanin ƙarshen abu tabbas, a kuma ga cewa masu aikata shi ba a ɗaure suke ba. Stanley Fish ya nuna cikin 1967 cewa waƙar tana jarraba mai karatunta, tana sa shi ya ruɗu da zaƙin bakin Shaiɗan sa'an nan ta gyara masa. Muna ƙarawa da cewa tana kuma ba shi aron kujerar mai sani, don ya ji yadda sani da tausayi ke zama wuri guda. Milton ya ƙarfafa wannan da labarin mala'ika Abdiel a ƙarshen babi na 5, wanda yana cikin rundunar Shaiɗan, ya ji hujjojin da kowa ya ji, shi kaɗai ya ƙi. Tun da ɗaya ya iya tsayawa, faɗuwar sauran ba tilas ba ce.

Saura batun ƙauna. Mu koma babi na 3, mu dubi abin da ya biyo bayan hujjar. Ubangiji ya tambaya wa zai ɗauki mutuwa a madadin mutum. Sama ta yi tsit. Sai wanda waƙar ke kira Ɗa, wato Almasihu bisa aƙidar Kirista, ya miƙa kansa. Jerin abubuwan yana da muhimmanci: an tanadi fansa babi shida kafin a yi laifin. Sanin da ya hango faɗuwa shi ne ya hango kuɗin da za a biya, wanda ya sani kuwa ya yarda ya biya daga nasa. Wannan ita ce amsar Milton ga tambayar da Boethius ya bari. Ba ta hana wa mai shakka shakkarsa, amma ta sauya siffar tambayar, domin mahaliccin da ya shiga cikin hasarar ba ɗaya yake da ɗan kallo ba.

Babi na 10 ya sauko da wannan ƙauna ƙasa. Bayan yanke hukunci, alƙalin da kansa ya tufatar da su. Adamu ya zazzage wa Hauwa'u baƙar magana, ya juya mata baya. Ita ce ta faɗi a ƙafafunsa tana kuka, tana neman a ɗora mata laifin duka ita kaɗai. Wadda ta fara saɓo ita ce ta fara neman sulhu, kuma abin da ta nema, wato ɗaukar hukuncin wani, shi ne abin da Ɗan ya yi a sama. Daga nan zuciyar Adamu ta yi sanyi, ya ƙi shawararta ta su ƙi haihuwa ko su kashe kansu, suka koma wurin da aka yi masu shari'a suka tuba. Sai a farkon babi na 11 mai ba da labari ya sanar da mu cewa alherin Allah ne ya riga su, ya tausasa zukatansu. Mai karatu ya ga tubar da idonsa a matsayin aikin mutum biyu, sa'an nan aka gaya masa kyauta ce daga sama, kuma bai ji ɗayan ya soke ɗayan ba. Abin da taron Dordrecht ya yi watanni yana tankiya a kai, Milton ya nuna shi cikin sulhun miji da mata.

4. Abin da ya rage

Ba za mu ce waƙar ta rufe kowace ƙofa ba. Cikin babi na 11 da na 12, mala'ika Mika'ilu ya nuna wa Adamu abin da zai sami zuriyarsa: kisan Habila, cututtuka, yaƙe-yaƙe, ruwan ɗufana. Adamu ya zama mai sanin gaba shi ma, kuma sanin ya yi masa nauyi har ya yi nadamar ganin. Da ya ji labarin fansa, farin ciki ya kama shi har ya rasa ko ya yi nadamar zunubinsa ko ya yi murna da alherin da ya haifar. Wannan wuri yana da haɗari ga ginin Milton. In faɗuwar ta fi tsayuwar amfani, to an koma ga zargin cewa dama ita ake so. Ga kuma Shaiɗan da mutanensa, waɗanda aka san faɗuwarsu kamar yadda aka san ta mutum, amma ba a tanadar masu fansa ba. Dalilin da babi na 3 ya bayar, cewa su sun ɓatar da kansu, mutum kuwa ɓatar da shi aka yi, bai zauna daidai ba, tun da waƙar ta nace cewa ba a yaudari Adamu ba.

Kammalawa

Wanda ya auna Paradise Lost da jawabin babi na 3 kaɗai zai iya bin Empson, domin jawabin ya fi kama da kare kai gaban alƙali. Amma Milton mawaƙi ne, kuma hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin yadda ya jera abubuwa: fansa kafin laifi, gargaɗi kafin jarrabawa, tuba kafin a faɗi tushenta. Shaiɗanun da suka zauna bisa tudu sun nemi mafita ta hanyar gardama, ba su samu ba. Adamu da Hauwa'u ba a warware masu mas'alar ba, amma sun fita daga Adnin riƙe da hannun juna, da sanin abin da ke gabansu, da kuma zaɓin inda za su sa ƙafa. Ga mai nazarin adabi, darasin shi ne a nemi aƙidar marubuci cikin zubi da tsarin aikinsa, kafin a tsaya ga abin da ya sa wani daga cikin taurarinsa ya furta.