Kwalin da Ake Saukowa da Shi Sau Ɗaya a Shekara

A gidaje da yawa na Jamus da Ingila da Amurka akwai wani kwali da ke shafe wata goma sha ɗaya a saman silin ko a ƙarƙashin matakala, ba mai waiwayarsa. Da Disamba ta kama sai a aiki wani ya sauko da shi. A kakkaɓe ƙura, a zauna a tsakar falo, a riƙa zaro abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wannan an naɗe shi da tsohuwar jarida, wancan yana kwance cikin kiret ɗin ƙwai, wani kuma an cusa shi cikin safa don kada ya fashe. Ga ƙwallon gilashi da fentinsa ya koɗe, ga tauraron karan alkama da ya karye a gefe guda, ga busasshen ƙullin fulawa mai ɗauke da shatar tafin hannun yaro, an rubuta suna da shekara a bayansa. Baƙon da ya leƙa zai ce tarkace ne. Masu gida kuwa kowanne suka ɗago sai an tsaya an yi magana: wannan na Kaka ne, wannan shekarar da muka tare a gidan nan aka saye shi, wannan kai ka yi shi kana ɗan shekara biyar.

Kayan adon bishiyar Kirsimeti ke nan. A garuruwanmu, inda Kirsimetin maƙwabta da 'yan'uwa Kirista ta fi tafiya da sababbin ɗinki, shinkafa da miya, da ziyara gida-gida, bishiyar baƙuwa ce da ta shigo daga baya, galibi ta roba. A can kuwa al'ada ce mai tsohon tarihi, kuma a ganina wanda ya tsaya kallon bishiyar ya bar kwalin, ya bar jaki yana dukan taiki. Bishiya ana sare sabuwa kowace shekara, a jefar da ita a watan Janairu. Kwalin shi ne ke zama, shi ake gado.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, da farko babu kwalin sam. Wani rubutu na 1605 daga birnin Strasbourg, a yankin Alsace, ya bayyana yadda mutane ke kafa itacen fir a ɗakunansu, suna rataya masa furannin da aka yanka da takarda mai launi, da tuffa, da waina siririya irin ta coci, da alewa, da ɗan ƙyalli na ruwan zinariya. Tuffar ma tana da asali: ranar 24 ga Disamba ita ce ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u a tsohuwar kalandar coci, kuma a wasannin kwaikwayon da ake yi a ranar akan kafa bishiya mai tuffa a matsayin itaciyar Aljanna. Duk wanda ya dubi wannan jerin zai ga yawancinsa abin ci ne. Idan biki ya ƙare, wajen 6 ga Janairu, sai a sakar wa yara bishiyar su yi mata wasoso. Adon bana ba ya ganin baɗi, domin ya riga ya shiga ciki. Ba abin adanawa balle na gado.

Adanawa ta samo asali ne daga wani ƙaramin gari mai suna Lauscha, cikin dazukan Thuringia a Jamus, inda ake sana'ar gilashi tun 1597. Kamar Masagan Bida, mutanen Lauscha sun daɗe suna yin duwatsun wuya na gilashi. A tsakiyar ƙarni na 19 suka fara hura su manya-manya don ratayawa a bishiya, wasu zagayayyu, wasu da siffar tuffa da sauran 'ya'yan itacen da aka saba ratayawa. A 1867 aka kafa ma'aikatar iskar gas a garin, harshen wuta ya zama mai zafi kuma tsayayye, aka samu damar hura ƙwallo babba mai siririn jiki. Aikin kuwa a cikin gida ake yin sa, a ɗakin da ake ci ake kwana. Maigida ya ɗora sandar gilashi a kan wuta yana juyawa har ta yi laushi, ya sa baki ya hura, wani lokaci cikin mazubi mai siffar tsuntsu ko ƙararrawa. Uwargida ta ɗura ruwan azurfa ta ɗan bakin, ta tsoma a ruwan zafi tana girgizawa har cikin ya ɗauki sheƙi kamar madubi. Yara su yi fenti, su sa hular ƙarfe da maratayi, su jera a kwali. Mata ne kuma ke goya kayan a manyan kwanduna su kai wa dillalai a garin Sonneberg.

Nakan tsaya a nan duk lokacin da na ji ana raba kayan adon nan gida biyu, wai na hannu mai daraja da na kasuwa mara rai. Ƙwallon da wata jika a Amurka ke lallaɓawa yau tana cewa na kakar kakarta ne, na kasuwa ne tun asali, amma aikin hannu ne na wani gidan talakawa da suka kwana suna shaƙar hayaƙin gas da warin fenti, har da ƙananan yara, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Gida biyu ke cikin ƙwallon nan, ɗaya an san labarinsa, ɗayan ko sunansa ba a sani ba. Ya kamata mai son abin ya riƙa tuna wannan.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu kewaye da bishiya a fadar Windsor, masu hali a Ingila suka ɗauka. Bayan shekara biyu wata mujallar mata a Amurka, Godey's Lady's Book, ta sake buga zanen, ta cire wa sarauniyar kambi don ta yi kama da matar gida ta ƙasar. A 1880 ɗan kasuwa F. W. Woolworth ya karɓi ƙwallayen Jamus kaɗan ba da son ransa ba, yana ganin ba za su shiga ba, suka ƙare cikin kwana biyu. Bayan wasu shekaru da kansa yake zuwa Thuringia saro.

Amma gilashi bai kori almakashi da gam ba. A Danmak har yau ana saƙa zuciyar takarda. Za a sami takarda biyu masu launi daban, galibi ja da fari, a ninke kowacce biyu, a zagaye bakinta, a tsaga ta tsaga biyu ko uku daga wajen ninkin. Sai a riƙa shigar da kowane zare cikin ɗan'uwansa, wannan ya ratsa ta cikin wancan, wancan ya ratsa ta cikin na gaba, kamar saƙar tabarma amma mai baki biyu. In an yi daidai, abin zai buɗe ya zama 'yar jaka mai siffar zuciya da za a zuba alewa a ciki. In an kuskure aka bi ta sama maimakon ta ciki, zai yi kyau a ido amma ba zai buɗe ba, kuma kusan kowane yaro sai ya yi wannan kuskuren kafin hannunsa ya faɗa. Mafi tsufa da aka sani marubucin tatsuniyoyin nan Hans Christian Andersen ne ya yi ta wajen 1860, tana ajiye a gidan tarihinsa da ke Odense. A Jamus da Siwidin da Finlan karan alkama ko na hatsin rai ake jiƙawa, a tsaga, a ɗaure da jan zare ya zama tauraro. A Amurka zare da allura ake sa wa gugguru a yi doguwar sarƙa a naɗe bishiya da ita, a kuma kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya da ruwa, a yanka siffofi, a gasa da sanyin wuta har ya yi tauri kamar dutse. Gishirin ne ke hana shi ruɓewa, shi ya sa tafin hannun jariri ke iya kai shekara arba'in a kwali muddin laima ba ta same shi ba.

Wahala ma ta bar nata sawun a cikin kwalayen nan, kuma su ne suka fi taɓa ni. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da kayan Jamus, wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Max Eckardt, mai tambarin Shiny Brite, ya haɗa kai da kamfanin gilashi na Corning, aka juya injin da ke yin ƙwan lantarki ya koma yin ƙwallon ado. Zuwa 1940 injin yana fitar da wajen 300,000 a rana. Da yaƙi ya yi tsanani aka hana amfani da azurfa da ƙarfe a irin waɗannan kaya, sai aka riƙa fitar da ƙwallaye garai-garai ba sheƙi, da 'yan layukan fenti, hularsu ta kwali, maratayinsu na zare. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Yau duk gidan da ke da mai hular kwali ya san shekarun da aka saye shi ko ba a rubuta ba. A Tarayyar Sobiyet kuma hukuma ta hana bishiyar a ƙarshen shekarun 1920, sannan ta dawo da ita a ƙarshen 1935 da sunan bishiyar Sabuwar Shekara, bayan wata wasiƙa da wani jigo a hukumar, Pavel Postyshev, ya buga a jaridar Pravda. Jan tauraro ya hau ƙololuwa. Aka yi 'yan tsana da auduga da sitati, aka yi zangarniyar masara ta gilashi a zamanin mulkin Khrushchev, aka yi 'yan sama jannati bayan tafiyar Gagarin sararin samaniya a 1961. Ƙasar ta rushe, amma kayan na nan cikin tsofaffin akwatuna a gidajen Rasha da Yukiren, a kwance cikin auduga.

To me ke mayar da ƙaramin abu irin wannan dukiya? A fahimtata abu biyu ne. Na farko ɓoyo. Hoton da ke rataye a bango kullum, ido kan saba da shi har ya daina ganinsa. Abin da aka ɓoye wata goma sha ɗaya kuwa, ranar da ya fito sabo yake komawa, kuma yana fitowa ne ya tarar da gida ya sauya: yaron da ya yi shi ya yi gemu, wadda ta saba rataya shi ta rasu a watan Yuni. Abin bai canza ba, shi ya sa yake nuna wa mutane iyakar yadda su suka canza. Na biyu baki. Ado ba ya magana, sai an sami mai cewa wannan daga wurin wance ya fito. Galibi mata ne ke riƙe da wannan aiki, uwa ko kaka, su ne suka san wanne ke hawa sama, wanne ake sa wa a ƙasa inda hannun yara ke kaiwa. Ranar da mai labarin ta kau ba ta sanar da kowa ba, kwalin ya koma tarkacen da baƙo ya gani tun farko. Shi ya sa ake samun irinsu a kasuwar gwanjo da arha, har da masu suna da shekara a baya.

Wasu iyalai a Amurka sun yi wa wannan dabara. Kowace shekara akan ba kowane yaro ado guda, na saye ko na hannu, a rubuta shekarar. Ranar da ya tashi kafa nasa gidan sai a haɗa masa nasa a kwali, ashirin ko fiye, ya tafi da su. Duk wanda ya ga uwa Bahaushiya tana tara wa 'yarta kwanuka da tasoshi tun tana ƙarama zai gane hikimar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

'Yan kasuwa sun daɗe da gano wannan taushin zuciya. A 1973 kamfanin Hallmark ya fito da jerin kayan ado da ya sa wa suna Keepsake, wato abin ajiyewa don tunawa, ya fara da ƙwallon gilashi 6 da 'yan tsanan zare 12. Ba na cewa wanda ya saya ya yi laifi, tunda na riga na faɗa cewa na Lauscha ma saye aka yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce daraja na zuwa tare da rasit. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu kantin da ke sayar da shekara talatin. Abin da ya fi damuna ma shi ne yayin da ake yi yanzu na bishiya mai launi ɗaya, komai fari da ruwan zinariya ko komai shuɗi, an sayo saiti guda daga cikin ɗimbin kayan da ake lodi daga birnin Yiwu na ƙasar Sin, don hoton ya fita tsaf a Instagram. A irin wannan gida tauraron yaro mai karkataccen gefe ba shi da wuri a gaba. Sai a zagaya da shi bayan bishiya, wajen bango, ko a ce a bar shi a kwali bana. Yaro kuma yana kallo, ya san inda aka sa nasa.

Su kansu masu tsohuwar sana'ar ba su ƙare ba. A ƙauyen Poniklá da ke cikin duwatsun arewacin ƙasar Cek har yanzu ana hura ƙananan duwatsun gilashi, a raba wa mutane su kai gida su yanka, su zura a waya su yi taurari da kekuna da gizo-gizo, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan aiki cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. A Lauscha ma akwai gidajen da wutar ba ta mutu ba.

Gilashin kuwa siriri ne kamar ɓawon ƙwai, duk shekara sai an yi asara. Kyanwa ta yi tsalle, ko hannun tsoho ya yi rawa, sai a ji ƙara 'yar kaɗan a ƙasa, falo ya yi tsit. Wasu sukan share su zubar. Wasu kuma sukan tsince gutsattsarin, su zuba cikin sabon ƙwallo garai-garai wanda ake iya buɗe bakinsa, su rubuta sunan mai shi na farko a 'yar takarda su tura ciki. Ranar 6 ga Janairu, in ana kwance bishiya, shi ma a naɗe shi da jarida a sa shi a gurbin tsohon cikin kiret ɗin ƙwai, a ɗaure kwali, a miƙa wa wanda ke kan tsani.