Bakin da Tsoro Ya Ɗaure: Nazarin Muryar Kambili a Littafin Purple Hibiscus

Gabatarwa

Bahaushen da ya zauna Inugu, ya ci kasuwar Ogbete, ya san irin attajiran da ake yi wa kirari a bainar jama'a saboda kyauta da riƙon addini. Abin da ke bayan katangar gidajensu kuwa, sai wanda ya kwana ciki. Cikin irin wannan gida Chimamanda Ngozi Adichie ta shigar da mai karatu a littafinta Purple Hibiscus, wanda ya fito a 2003. Wannan maƙala za ta dubi abu guda, wato bakin da marubuciyar ta zaɓa ya ba da labarin, da darasin da ke ciki ga marubutan Hausa.

Mai ba da labari da ba a gaskata shi duka

A 1961 ne manazarci Wayne Booth na Amurka ya raɗa wa wannan salo suna. Shi ne inda tauraro ke ba da labari da bakinsa, amma mai karatu ya gane akwai tazara tsakanin abin da aka faɗa da abin da ya auku. Adabinmu ya san wani reshe nasa tun littattafan gasar 1933. Ganɗoki na Bello Kagara yana zuba wa yara labarin yaƙe-yaƙensa har da aljannu, ba kuma wanda ke riƙe shi da rantsuwa, domin kuri ne na nishaɗi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi kuma malami ne dattijo, duk abin da ya gaya wa almajiransa karɓa ake yi. Kambili ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gaskiya take faɗa, sai dai tsoro da ƙauna sun hana ta kiran abin da take gani da sunansa.

Yadda muryar ke aiki

Kambili yarinya ce 'yar shekara 15. Mahaifinta Eugene yana da masana'antu da jarida mai faɗa wa gwamnatin soja gaskiya, ga shi jigo a cocin Katolika. A gida kuwa ya rubuta wa 'ya'yansa jadawalin lokacin karatu da cin abinci da barci. Yakan ba su kurɓin shayinsa mai ƙona harshe, Kambili kuma ta bayyana wannan ƙuna a matsayin shaidar ƙauna. Lokacin da ta ji ƙarar duka daga ɗakin iyayenta, sai ta raya a ranta ƙofa ce ta cije uban ke ƙoƙarin buɗewa, tana lissafa bugun. Daga nan aka fito da uwar tana zubar da jini, cikin da take ɗauke da shi ya zube. Yarinyar ta ba mu jinin da gogewar da suka yi masa ita da wanta Jaja, amma ba ta furta cewa uba ya doki uwa ba. Mai karatu ne ke cike gurbin.

Haka kuma ranar da ya zuba mata ruwan zafi a ƙafa don ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya. Abin da ya tsaya mata a ido shi ne hawayen da uban ke yi. Nan ne illar cin zali na zuci ta fi bayyana, domin an horar da yarinyar har ta riƙa auna kanta da ma'aunin mai cutar da ita. Sai da ta je Nsukka gidan gwaggonta Ifeoma, ta ga 'ya'ya na gardama da dariya a wurin cin abinci, sannan harshenta ya fara sakuwa. Duk da haka, bayan uwar ta kashe mijin da guba a shayi, Jaja ya ɗauki laifin ya tafi kurkuku, Kambili ba ta daina kewar ubanta ba.

Inda salon ya raunana

Ba za a rasa abin cewa ba. A wasu wurare yarinyar da ko magana ke yi mata wuya takan kawo siffantawa mai zurfin da ya fi shekarunta, har a ji hannun marubuciyar. Sannan uwar, wadda ita ce ta fi ɗanɗana kuɗarta, ba mu san abin da ke zuciyarta ba, don haka zancen gubar ya zo wa mai karatu kwatsam.

Kammalawa

Marubutanmu mata sun daɗe da taɓo wannan jigo. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta nuna wulaƙancin da Alhaji Abdu ya yi wa Rabi da 'ya'yanta, sai dai marubuciyar ce ke bayani daga gefe, ita ke nuna mai laifi. Wannan hanya tana da amfaninta. Amma al'ummar da ta girmama kunya da kawaici, inda ake tarbar mai yaji da "ki yi haƙuri", tana cike da masu ba da labari irin Kambili, waɗanda za su ce faɗuwa suka yi, ko su ce ai zafin zuciya ne kawai gare shi. Marubucin da ya ba irin wannan mace baki, ya bar ta tana kare mijinta alhali tabon na bayyane, zai koya wa mai karatu sauraren abin da ba a faɗa ba. Ɗalibanmu masu gwada alƙalaminsu a wannan mujalla, ga fili nan.