Laifi Tudu Ne

A Titin Koudoukou, cikin unguwar Kilomita Biyar a Bangui, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, labarin duniya yakan iso ta wayar hannu. Ɗaya daga cikin labaran da ke ta da hankalin maza shi ne na yaran Turai da ake ba maganin tsai da balaga domin sun ce jikinsu bai dace da jinsin da suke ji a ransu ba. Damuwar tana da tushe. A Ingila, yaran da aka tura asibitin Tavistock a kan wannan ba su kai 250 ba a shekarar 2011 zuwa 2012, amma bayan shekara goma sun wuce 5,000. A watan Afrilu 2024 likitar yara Hilary Cass ta fid da rahoto cewa shaidar amfanin maganin ba ta da ƙarfi. An rufe sashen a wannan shekara.

Abin zargi shi ne yadda maza da yawa suke riƙon maganar. Sun mai da ita abin ba'a ga Turawa, har sun manta cewa yaran nan masu wahala ne, kuma Allah ne ya halicce su. Tsine wa London daga Bangui ba ya cin wa kowa komai.

Mazan da maganarsu ta yi amfani sun yi ta ne a inda za ta jawo musu hasara. Likita David Bell ma'aikacin Tavistock ne. A 2018 ya rubuta wa shugabanninsa kukan abokan aikinsa cewa ana gaggawar ba yara magani, ya kuwa sha tsangwama. A Bangui ma an ga irinsa. Tsakanin 2013 da 2014 yara maza a sansanin 'yan gudun hijira na M'Poko, kusa da filin jirgin sama, suka ce sojojin Faransa sun lalata su a bakin abinci. Anders Kompass, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, ya miƙa rahoton ga hukumomin Faransa. Sakayyarsa ita ce dakatarwa daga aiki a 2015. An wanke shi a 2016, ya ajiye aikin. A 2018 alƙalan Faransa suka rufe shari'ar ba a gurfanar da kowa ba.

Ikilisiya ma ba ta fita ba. A 2019 aka tona cewa wani fada ɗan Beljiyam, wanda kotun ƙasarsa ta same shi da laifin lalata yara a 2012, an turo shi Kaga-Bandoro, daga baya har ya shugabanci Caritas ta ƙasar. Maza ne suka san tarihinsa, maza ne suka yi shiru. Littafi Mai Tsarki ya nuna abin da ya sami gidan Eli firist, wanda ya ji mugun aikin 'ya'yansa a ɗakin sujada bai hana su ba.

Ƙasar ta sami dokar kare yara a 2020, amma takarda ba ta tsaron yaro. Uban da ya damu da yaran Ingila sai ya fara tambaya a gida: wa ke kwana da yara a taron matasa? Wane ne malamin makarantar Lahadi, kuma me ya raba shi da inda ya fito? In yaro ya kawo ƙarar dattijo, wa zai saurare shi, wa zai kai maganar gaban hukuma? Dattawan ikilisiya su sa doka cewa babba ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, ko da fasto ne. Irin wannan magana takan ɓata zumunci, wani lokaci ta raba mutum da kujerarsa a majalisar ikilisiya. Amma yaron da aka cuta ba shi da kujera a can, sai wani namiji ya tashi ya yi magana dominsa.