FIM ƊIN CIKIN TABARAU: DA GASKE YA FI LITTAFI SA TAUSAYI?

Mai karatu, ƙila ka ji labarin finafinan nan da ba a kallonsu a talabijin ko silima, sai an ɗaura wani tabarau mai kauri a fuska. Da ka ɗaura, ka bar ɗakinka ke nan: ka waiga ka ga mutane, ka ɗaga kai ka ga sama. Turawa na kiran fasahar VR, mu kuwa bari mu ce mata gani-kamar-gaske.

Tun 2015 ake yi mata kirari. A shekarar ce Chris Milk da Gabo Arora suka fitar da Clouds Over Sidra, labarin wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12 a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan. Milk ya ce babu na'urar da ta kai wannan cusa tausayi. Abin har ya zo gida: a 2019 Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin finafinan Benis na Italiya da Daughters of Chibok, fim na minti 11 a kan wata uwa da ke wanke kayan 'yarta tana jiran dawowarta, tun sace 'yan mata 276 a 2014.

Ban ja da kyawun waɗannan finafinai ba. Abin da na ja da shi shi ne cewa wai bincike ya gama tabbatar da kirarin. To, ina aka tabbatar?

A 2018 Fernanda Herrera da abokanta a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada mutum sama da 560. Waɗanda suka ɗanɗana rayuwar marar gida a cikin tabarau sun fi saura sa hannu a takardar neman a gina gidaje masu rahusa. Madalla. Amma a 2021 Alison Martingano da Sara Konrath da ita Herrera ɗin suka tattara bincike 43 mai ɗauke da mutum 5,644. Suka tarar tabarau na motsa zuciya, amma bai ƙara fahimtar tunanin wani ba, kuma bai fi karanta labari tasiri ba. Marubuta, kun ji fa!

Ba a rasa dalilin wannan saɓani ba, domin aikin na da wuyar gaske. Na farko akwai jiri. Ido na cewa tafiya kake, cikin kunne na cewa a zaune kake, sai zuciya ta tashi. Wanda ya cire tabarau a tsakiyar gwaji ya fita daga lissafi, sai masu juriya su rage. Takardar tambayoyin da aka fi auna jirin da ita ma, tun 1993 aka tsara ta don na'urorin koyar da sojoji tuƙin jirgi.

Na biyu, ɗoki. Wanda bai taɓa ɗaura abin ba, ko akuya aka nuna masa sai ya riƙe baki. Yaya mai bincike zai raba mamakin na'ura da tausayin Sidra?

Na uku, ba a ɓoye tabarau. A gwajin magani ana ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta ba tare da sun sani ba. A nan kuwa kowa ya san rukuninsa, ya kuma san amsar da ake so. Wa zai ga uwa na jiran 'yarta sannan ya rubuta cewa bai ji komai ba?

Na huɗu, mutum ɗaya-ɗaya ake shiga. Ko Carne y Arena na Alejandro Iñárritu, wanda aka nuna a Cannes a 2017, haka aka riƙa kallonsa. Shi ya sa gwaje-gwaje da yawa ke ƙarewa a kan ɗalibai 'yan ƙalilan. Ga na'urorin ba sa daɗewa: Oculus Go ta fito a 2018, a 2020 aka daina sayar da ita. Wanda zai maimaita gwaji sai ya tarar kayan aikin sun sauya.

Kada ka ɗauka wannan gardamar malaman jami'a ce kawai. Ƙungiyoyin agaji na kashe kuɗi a kan waɗannan finafinai, kuma mutanen da ake ɗauka masu ciwo ne na gaske. Idan uwa ta buɗe maka ƙofarta ta kwance maka damuwarta, tana da haƙƙin a san ko hakan na haifar da wani abu bayan hawayen minti goma.

Saboda haka, mai karatu, ran da aka ɗaura maka tabarau, ka auna abin da ka gani da ma'aunin da kake auna kowane fim da kowane littafi. Labarin ya tsayu? An mutunta mai labarin? Bayan mako guda, kana tune da ita, ko kuwa na'urar kawai kake ba abokai labari?