Mai Sha'awar Fatsa Ya Fara Daga Gulbin Gida

Sandar fatsa ta zamani ta cikin waya ta shigo Sakkwato. Matasa na kallon bidiyon masu kamun kifi a YouTube da TikTok, mutum tsaye cikin jirgi a tsakiyar teku, sanda ta lanƙwashe, yana ja kifi na ja, har a ciro ƙato mai tsawon mutum. Daga nan sai a aika Legas a sayo sanda mai faifan naɗe zare, a haɗo da 'yan kifayen roba masu ƙyalli. Shi ya sa yanzu idan ka bi ta Kwalkwalawa da la'asar, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba wuya ka ga ɗalibi ko ma'aikaci a bakin ruwa yana wurga zare, ba don ya sayar ba, don nishaɗi kawai.

Abin yana faranta mini rai ƙwarai. A wurinmu su sana'ar gado ce, ta Sarkawa, kuma ɗan birni ya daɗe yana sanin kifi a faranti kaɗai, alhali garinsa na zaune daf da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Yaron da ya bar zaman majalisa ya je ya yi awa biyu shiru yana jiran zare ya motsa, ya samu abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Damuwata ɗaya ce. Da yawansu teku suke koyo alhali a bakin gulbi suke tsaye. Tsakaninmu da ruwan gishiri akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Malamin cikin waya yana maganar cikar teku da janyewarta, da kifayen da babu su a nan, da kayan da aka ƙera don igiyar ruwa. Yaro ya kashe kuɗin da ya tara, ya je sau uku bai kama komai ba, ya jingine sanda bayan ƙofa ya ce ruwanmu ba kifi. Ga kuwa wani dattijo can gefensa, da sandar gora da guntun zare, yana cika ƙwarya.

Gulbinmu na da nasa karatu. A watan Agusta da Satumba ruwa na cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya watsu cikin ciyawa don yin ƙwai. A wannan lokaci fatsa ba ta cika biya ba, ga haɗari. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara komawa gado, kifi ya dawo da ƙiba da yunwa, to nan ne sabon shiga zai ji daɗin hannunsa. Sanyin hunturu na rage musu ci, sai rana ta ɗaga. Da bazara kuwa sukan taru a gurabe masu zurfi, kuma sanin waɗannan gurabe shi ne rabin sana'ar. Tarwaɗa tana kiwo a ƙasan ruwa, ta fi fitowa daga magariba zuwa dare, tana son tana ko hanjin kaza. Karfasa tana zagaya gefen ciyawa, bakinta ƙarami, don haka ƙaramar ƙugiya take so. Ƙurungu yana da ƙaya mai dafi, kama shi da garaje na sa hannu ya kwana yana zogi. Minjirya kuma, wanda bai san ta ba ya damƙe ta, zai ji jan da ba zai manta ba. Wane bidiyo ne daga Amurka zai gaya maka wannan?

Kayan farawa ba su da yawa: sanda mara nauyi, zare, ƙugiyoyi ƙanana da matsakaita, 'yar dalma da za ta nutsar da ƙugiya, da totuwar kara da za ta yi yawo a sama ta nuna maka an taɓa. Mai faifai ba laifi ba ce, tana kai zare nesa. Amma a saye ta bayan an san inda za a jefa.

Wanda zai nuna wurin yana nan, kuma shi ne matasanmu ke wucewa ba sallama. Da ɗan gari akan ci gari. Ka je ka gaida masuntan wurin, ka ce, "Baba, sannu da aiki, koyo na zo yi, ina ya dace in tsaya?" Ka tambaya ko akwai Sarkin Ruwa, ka kai masa gaisuwa. Wannan ba ladabi ne kawai ba. Ruwan da kake gani kamar ba mai shi, akwai wanda ya shimfiɗa mamari a ciki tun asuba, akwai wanda ya kafa taru, kuma abincin iyalinsa ke nan. Zarenka ya sarƙe a kayansa, kai ka yi asarar ƙugiya, shi ya yi asarar yini. Su ne kuma suka san inda rami yake, da inda laka ke riƙe ƙafa, da yadda ruwa kan ƙaru ba tare da an yi ruwan sama ba idan an buɗe madatsar Goronyo. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a, ba ya raina Rima. Ga tsargiya a ruwan da ke kwance, ga zurfin da ke cin wanda bai iya iyo ba. Kada sabon shiga ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya shiga jirgi ba rigar ruwa.

Masu cewa kamun kifi don wasa baƙon abu ne sun manta da Argungu. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi, ake gasar su a Matan Fada, da homa da gora, ana neman giwan ruwa mafi girma. Har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a jiha ɗaya muke da Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya. Abin da na fi so matasa su lura da shi a can shi ne hanin: ana rufe wannan yanki na ruwa, ba a su a cikinsa sai lokaci ya yi, shi ya sa kifin ke samun girma. Mai fatsar nishaɗi ya fi kowa ikon riƙe wannan tarbiyya, tunda ba da ita zai ciyar da gida ba. Ƙaramin kifi a cire masa ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu a mayar da shi. Mai ƙwai a bar ta ta tafi. Idan ka ga ana zuba guba a gurbi, ko ana tace ruwa da gidan sauro har 'ya'yan kifi, ka gaya wa shugabannin masunta. Kuma ka kwashe guntayen zarenka da ledarka, don suna shaƙe tsuntsaye da dabbobin da ke zuwa shan ruwa.

Wanda bautar ƙasa ko fatauci ya kai Legas, ya ga teku ido da ido, to ya gwada, da sharaɗin ya sake zama ɗalibi. Can ruwa na cika ya janye sau biyu a yini bisa tafiyar wata, kifi ya fi ci lokacin da ruwan ke motsi, abincin ƙugiya kuma jatan lande ne ko yankan ƙaramin kifi. Gishiri na cin ƙarfe, dole a wanke sanda da faifai da ruwan daɗi duk dawowa. Duwatsun bakin teku irin na Tarkwa Bay a Legas suna da santsi, igiyar ruwa kuma takan zo ba sanarwa, don haka ba a juya mata baya. A nemi masuntan unguwar a bi bayansu, a fara daga ruwan da ke kwance a cikin lagun kafin a tunkari buɗaɗɗiyar teku.