Kalmar "Rude" da Matsalar Fassara Ta da "Rashin Kunya"

1.0 Gabatarwa

Ya zama al'ada ga ɗaliban fassara, har da wasu malamansu, duk inda suka tarar da kalmar Ingilishi "rude" sai su mayar da ita "rashin kunya". Wannan maƙala tana da ja a kan wannan al'ada, domin kalmomin biyu ba mudu ɗaya suke awo da shi ba.

2.0 Asali da Ma'ana

Tushen kalmar shi ne "rudis" na Latin, wato abin da ba a sarrafa ba, kamar ɗanyen ƙarfe ko itacen da ba a sassaƙa ba. Ta shiga Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci wajen ƙarni na 14, tana nufin wanda ilimi bai goge ba. Daga wannan tushe aka sami "erudite", wato masanin da karatu ya raba da ɗanyantaka. Saboda haka a tsofaffin littattafai akan siffanta bukka da "rude", ana nufin ginin da ba a ƙawata ba. A yau kuwa ma'anarta mafi rinjaye ita ce magana ko aikin da ya ɓata wa wani rai don rashin ganin girmansa. A Ingila takan ɗauki ma'anar batsa idan aka siffanta barkwanci da ita.

3.0 Inda Suka Saɓa

Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya da ladabi da mutunci a matsayin halaye daban-daban. "Rude" tana ratsa duka ukun, amma ba ta cika gurbin ko ɗaya ba.

Na farko, rashin kunya galibi daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama: ɗa ga uba, ɗalibi ga malami. "Rude" kuwa ba ta duban shekaru ko muƙami. Bature zai ce shugaban ma'aikata ya yi "rude" ga masinjansa, alhali Bahaushe wulaƙanci zai kira wannan, ko cin mutunci. Wanda ya fassara shi da "rashin kunya" ya ɗora masinja bisa shugaba.

Na biyu, kunya tana da hurumin da "rude" ba ta san da shi ba. Uwar da ta ambaci sunan ɗanta na fari, ko saurayin da ya zauna cin abinci da surukinsa, sun keta kunya, amma a idon Bature ba su yi laifin kome ba. Haka kuma yaron da ya sunkuyar da kai gaban malami ladabi ya yi, alhali a Ingila ana iya ɗaukar ƙin haɗa ido a matsayin "rude".

4.0 Kammalawa

Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai rashin ladabi, rashin ɗa'a, raini, gatsali, tsageranci, fitsara da batsa. Abin da ya wajaba ga mai fassara shi ne ya fara tantance wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da dangantakar da ke tsakaninsu, sa'an nan ya zaɓi kalma. Idan ya tsallake wannan, zai tuhumi mutum da laifin da marubucin asali bai tuhume shi da shi ba.